Kafin ka zauna a teburin Mayfair

Ɗan ƙanwata ya samu gurbin ƙaro karatu a Landan. Muna saukowa daga Juma'a a Samaru ya miƙo mini waya: "Kawu, ga inda zan fara cin abinci da zarar alawus ya shigo." Wani gidan abinci ne a Mayfair, unguwar masu hannu da shuni a Landan. Yaro ko rigar sanyi bai saya ba.

Na so in yi masa faɗa, bakina ya yi nauyi, don mu ma haka muka yi. Sai dai mu muna da uzuri, ko aƙalla haka nake gaya wa kaina: ba mu da wayar da za mu duba farashi tun daga gida, ba kuma wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Amma tsakani da Allah kunya ce ta cuce mu. Mutum ya sha babbar riga ya zauna, yana gudun a ce baƙauye ne, duk abin da sabis ya tambaya sai ya gyaɗa kai.

Tun daga ruwa ake fara yanka. Za a tambaye ka, mai gas ko marar gas? Dukansu na kwalba ne, na kuɗi. Alhali a Ingila duk gidan da ke da lasisin sayar da barasa doka ta tilasta masa ba ka ruwan famfo kyauta in ka nema, sai dai ba za a tuna maka ba. Sannan farashin da ka gani a gaban nama na naman ne kaɗai. Dankali daban, ganye daban, wani wurin har miyar da za a zuba a kai. Kifin da ba a rubuta kuɗinsa ba, aka ce sai yadda kasuwa ta kama, kada ka taɓa shi sai an faɗa maka adadi da baki. A ƙarshe a ɗora ladan hidima, galibi kashi 12.5 cikin ɗari: cin fam 160 ya koma fam 180. Idan an rubuta cewa na ganin dama ne, kana iya cewa a cire. Ni dai ban ga laifin biya ba in an yi maka hidima, musamman da yake tun Oktoban 2024 doka ta ce kuɗin na ma'aikata ne gaba ɗaya. Abin haushi shi ne ka biya shi, ka kuma sake ajiye wani a kan teburi don ba ka karanta takardar ba.

Wanda ya fi ci mini rai ba na kuɗi ba ne. Mu a zatonmu in an guje wa naman alade shi ke nan. Ina! Girkin Faransa da na Italiya da giya ake ɗaure miya da yawa, har shinkafar nan tasu mai danƙo sau da yawa da farar giya ake fara ta. Romon da aka dafa kifi da shi yana iya zama na ƙashin dabbar da ba a yanka ba, kayan zaƙi kuma akwai masu giya, akwai masu sinadarin daskarewa da ake samu daga fatar alade. Wanda bai sani ba Allah na yafewa, haka malamai suka ce, amma mu ƙin tambaya muka yi. Ko da yake wa zai tambayi abin da bai taɓa jin labarinsa ba?

Shawarata gare ku matasa irinsa: kada ku je. Ku nufi Edgware Road wajen 'yan Labanan, ko Whitechapel wajen 'yan Pakistan da Bangladesh, ku ci gasasshen nama na halal ku ƙoshi. In kewar gida ta taso, Peckham na nan da shinkafa dafa-duka da tsire.

To, na san ba za ku ji ba, kuma gaskiya ganin irin wurin sau ɗaya ilimi ne. Ku je da rana a tsakiyar mako, lokacin da yawancinsu ke da abincin rana mai kala biyu ko uku a tsayayyen farashi, ƙasa da na dare nesa ba kusa ba. Ku kira tun kafin ranar ku ce ba ku cin alade, ba ku son giya ko a cikin girki, ku tambaya ko naman halal ne. In ba halal ba ne, ku tsaya kan kifi, shi ma ku tambayi romonsa. Ku lura, manyan wuraren suna karɓar lambar kati wajen kama teburi, in ba ku zo ba su ciri tara. Wannan ku zai fi kamawa, ku da ake cewa ƙarfe bakwai ku iso tara saura kwata kuna danna waya, an riga an ba wani teburin.

Kuma in an kawo abincin, don Allah a ci da zafinsa. Hoton da za ka tura wa 'yan Tudun Wada, ba wanda zai taya ka biyan ko fam ɗaya a cikinsu.