Yau na gano inda iskar motata take tserewa

Asabar, da daddare.

Har yanzu hannuna warin baƙin mai yake yi duk da sau uku na wanke, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta don kar lambobin su ɓace min.

Wata biyu kenan motar nan tana min abin da na kasa ganewa. Tsohuwa ce, 'yar 2003, injin 1.8 mai turbo (na'urar da ke matsa iska tana tura wa injin), ta haura kilomita 240,000, amma ni dai tun da na same ta ba ta taɓa ba ni kunya a hanya ba. Yanzu in na tashe ta na bar ta a silo lafiya lau, ko girgiza babu, in ina lallaɓa ta a hankali ma lafiya, amma da na taka totur zan wuce wata mota sai ta noƙe kamar an riƙe ta ta baya, daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ta ɗauka, ɗaukar ma ba irin wadda na sani ba. Ga shan mai. Da lita 9 ke kai ni kilomita 100, yanzu 13 nake lissafawa, kuma ba ƙiyasi nake yi ba, tanki nake cikawa in rubuta lambar mita, in na dawo cikawa in raba.

A cikin wata biyun nan an canza fulogi guda huɗu, an canza filtar iska, an canza ta mai, an canza kwayil ɗaya, duk a kan "bari mu gwada wannan mu gani". Babu wanda ya taɓa ciwon. Shekaranjiya bakaniken ya ce min turbo ce ta mutu sai dai a nemo wata, wallahi ranar ban yi barcin kirki ba, don ko bonet bai buɗe ba ya faɗi hakan, kuma turbo ba abin da ake saya don gwaji ba ne.

Shi ya sa jiya na kira Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana gyaran mota kafin idonsa ya sa shi ajiye sifana. Da hantsi sai ga shi. Na fara zuba masa jerin abin da aka canza, ya ɗaga min hannu ya ce, "Ɗana, ba abin da aka sa mata na tambaye ka ba, me take yi, kuma a wane lokaci take yi?" Na faɗa masa. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, motar da take lafiya a silo amma take noƙewa in an taka, to ciwon nata yana jiran ƙarfin iska ne kafin ya fito.

Ina da 'yar na'urar nan ta OBD da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta yi magana da waya. Wutar cek injin ba ta kama ba amma akwai lamba a ajiye, P0172, ma'anarta mai ya yi wa iska yawa a cikin injin. Na buɗe wajen da yake nuna gyaran da kwamfutar motar take wa mai. Abin da yake faruwa shi ne injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, da nauyi, sensar iyafulo da ke bayan filtar iska tana auna iskar da ta shigo, kwamfuta ta ba da mai daidai da ita, sannan sensar oksijin da ke jikin salansa ta shinshina hayaƙin ta ce an yi daidai ko ba a yi ba. In lambar gyaran ta hau sama to ƙara mai ake yi, in ta yi ƙasa da sifili ragewa ake yi. Duk abin da bai wuce 10 ba ta kowane ɓangare ba a cika damuwa da shi ba.

A silo tawa +2 take nunawa, iyafulo kuma giram 3 a daƙiƙa, daidai da injin irin wannan. Muka fita hanya, ni ina tuƙi Kawu yana riƙe da wayar nesa da idonsa yana karanto min. Da muka kama hawa na taka rabin totur, allurar juyin injin tana wajen 2,500 zuwa 3,000, sai na ji ya ce "ban da goma sha bakwai... ban da ashirin". Wato -20. Kwamfuta tana ta yanke mai iya ƙarfinta amma duk da haka ya yi yawa. Ya ce in sauke gilas in kashe rediyo in sake takawa. Na sake. Ya ce, "Ka ji?" Gaskiya ni ban ji komai ba sai a karo na uku, wani ɗan huci siriri, shhhh, yana fitowa ta ƙasan gaba, da na ɗaga ƙafa sai ya ɗauke.

A nan ne kaina ya haɗa lissafin, kuma na ji daɗin yadda abin ya zauna daram. Iyafulo ta ƙirga iska tun kafin ta shiga turbo, turbo ta matse ta ta tura cikin tiyo zuwa intakula, wadda ke sanyaya iskar kafin ta shiga injin, to in akwai ɓula a wannan tsakanin iskar da aka riga aka ƙirga sai ta tsere waje, ita kuwa kwamfuta ba ta da labari, ta riga ta zuba man iskar da ba ta iso ba. Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, mota ta shaƙe. A silo kuma babu matsi a cikin tiyon, ɓular a rufe take, shi ya sa duk wanda ya tsaya gaban bonet yana saurare zai rantse lafiyarta ƙalau.

Muka dawo gida muka bar injin ya huce. Kawu ya sa na samo murfin bututun roba irin na famfo, muka huda shi muka sa bawul ɗin taya, muka cire tiyon da ke bayan iyafulo muka toshe bakinsa da murfin muka ɗaure da kilif. Ya ce in buɗe murfin baƙin mai tukuna don kar iskar da za ta bi ta bututun numfashin injin ta matsa wa sil, kuma kar matsin iskar ya wuce rabin bar, wato wajen PSI 7. Babban yarona ne ya kama famfon keke. Yana bugawa yana bugawa allurar ma'aunin matsin iska ta ƙi tashi, da ta ɗan motsa sai ta koma. Na kwanta a ƙasa da tocila da robar ruwan sabulu ina fesa wa duk wata mahaɗa, ta farko shiru, ta biyu shiru, da na zo tiyon ƙasa mai shiga intakula kuwa kumfa ta taso kamar ana hura ta da baki.

Na kwance shi na fito da shi hasken rana. Ta sama lafiyayye, har da sheƙi. Da na juya cikinsa, dab da inda kilif yake cizo, ga tsaga kamar tsawon gaɓar yatsa, roban wajen ya kumbura ya yi laushi saboda shekarun da ya yi yana shan tururin baƙin mai da zafi. In ka sake shi tsagar ba ta ko ganuwa, in ka lanƙwasa sai ta buɗe kamar bakin kifi. Na miƙa wa Kawu, ya shafa da babban yatsa ya ce, "Ga man naka nan inda yake tafiya."

Tunda mun riga mun kwance wajen muka duba turbon ma. Na sa yatsa na taɓa sandar farfelar, tana ɗan motsi gefe da gefe kaɗan, wanda Kawu ya ce haka ake samu tunda a kan baƙin mai take yawo in injin na aiki, gaba da baya kuwa babu motsi, fukafukan ba su goga bango ba. Lafiyarta lau. Amma ya ja kunnena cewa da na ci gaba da hawa a haka da sai maganar bakaniken ta zama gaskiya, don turbo tana juyi sama da 100,000 a minti, kuma in iska na zuba sai ta ƙara wahala wajen cike giɓin.

Neman tiyon ya cinye min yamma. Na sa sabon kilif ma don tsohon ya ci roba. Muka sake bugawa, wannan karon allura ta hau ta tsaya tana sauka a hankali, sai wani siririn tiyon bakyum guda da ya bushe a baki, na yanke kan na mayar.

Gwajin hanya bayan la'asar, kai, na manta haka motar nan take. Na taka a giya ta uku ta ɗauka nan take babu noƙewa, hucin ya ɓace, lambar gyaran mai tana wasa tsakanin -3 da +1. Na goge P0172 ɗin, zan ga ko za ta dawo.

Sai dai akwai abin da na hango da ya rage min murna. Mun yi kusan minti 20 a buɗaɗɗiyar hanya amma zafin ruwa a waya 72 yake nunawa, alhali ya kamata ya zauna kusa da 90. Kawu ya ce tamostat ne, abin da ke hana ruwa zagayawa zuwa lagireto har sai injin ya yi zafi, ya maƙale a buɗe, ko ma wani ya taɓa cire shi gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi wai don mota ta yi sanyi, ni kuma ban taɓa yarda da wannan dabarar ba, injin da bai kai zafinsa ba mai yake ƙara ci kuma ya fi saurin cinyewa. Don haka ba na sa ran lita 9 za ta dawo sai an gyara wannan. Na kuma shinshina sandar gwajin baƙin mai na ji ƙaurin fetur, wata biyu ana masa ambaliya dole ya tsinke, shi ma sai an juye. Fulogin da aka sa sababbi na ciro ɗaya, baƙi ƙirin da kunkunniya, na goge na mayar.

Da zan kai Kawu gida na tsaya na cika tanki har bindiga ta ƙatse, na mayar da ƙaramar mita sifili, babbar kuma 241,386. Gobe in Allah ya kai mu tamostat da baƙin mai, ya ce in zo in ɗauke shi da wuri kafin rana ta yi zafi. Tsohon tiyon yana but, zan kai wa bakaniken ya gani da idonsa.