Hannun jarin McDonald's: boga muke saya ko dala?

Ka zagaya Wuse 2 da Garki da Gwarinpa kaf za ka ga Chicken Republic, za ka ga KFC da Domino's, amma McDonald's ko shago ɗaya babu, kai duk Najeriya ma babu shi, a Afirka sai irin su Masar da Maroko da Afirka ta Kudu. Duk da haka tunda manhajoji irin su Bamboo da Trove suka sa mutum yana zaune a falonsa zai iya sayen hannun jarin Amurka da waya, sunan nan ya shiga cikin na farko da sabon shiga ke dannawa, kuma a ofis ɗinmu an daɗe ana kai ruwa rana a kansa. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi nawa fahimtar.

Masu yabonsa suna da hujja mai ƙarfi, wannan kam ba zan danne musu ba. Abin da suke cewa shine kamfanin nan ba da soya nama yake samun yawancin ribarsa ba. Cikin shaguna sama da 40,000 da ke ɗauke da sunansa a ƙasashe fiye da 100, kusan kashi 95 cikin ɗari wasu 'yan kasuwa ne ke gudanar da su da kuɗinsu, su biya ma'aikata, su sayi kaya, su sha fama da kwastoma, shi kuma uwar kamfani ya karɓi kasonsa daga ciniki sannan ya karɓi kuɗin haya, don a wurare da yawa filin da ginin a hannunsa suke. A 2023 haya kaɗai ta kawo masa kusan dala biliyan 10, kason ciniki kuma biliyan 5 da wani abu. Ɗan Abuja ba sai an yi masa dogon bayani ba, duk wanda ya taɓa kama shago a filaza ya san cewa ko an yi ciniki ko ba a yi ba mai gini zai turo a karɓa masa kuɗinsa, masu shago su yi ta canzawa shi yana nan daram. Wani mai suna Harry Sonneborn ne ya kawo wa Ray Kroc, mutumin da ya faɗaɗa McDonald's, wannan dabarar tun shekarun 1950, kuma har yau ita ce ƙashin bayan kamfanin.

Sai maganar rabon riba. Tun 1976 da suka fara biyan masu hannun jari, duk shekara sai sun ƙara, ba su taɓa tsallake ko ɗaya ba, har da 2008 da tattalin arzikin duniya ya girgiza da 2020 lokacin korona. Wani babba a wurin aikinmu da muke ce wa Alhaji kullum sai ya tuna mana cewa Warren Buffett, shahararren attajirin nan mai zuba jari na Amurka, da kansa ya riƙe hannun jarin nan ya sayar a ƙarshen shekarun 1990, daga baya ya rubuta wa masu jari a kamfaninsa cewa sayarwar babban kuskure ce. Haka aka yi kuwa.

Toh masu gudunsa fa? Su kuma cewa suke abu ya riga ya girma ya gama, ina kuma zai je. A tsakiyar 2024 cinikin shagunansa a duniya ya ja baya, karo na farko tun 2020, saboda an yi ta ƙara farashi har talakan Amurka wanda dama shi ne asalin kwastoma ya fara gwammace ya dafa a gida, dole suka fito da haɗin abinci na dala 5 don su jawo shi. A Oktoban shekarar kuma aka samu ɓarkewar cutar E. coli da aka danganta da albasar da ake sawa a wata boga tasu, mutum ɗaya ya rasu. Ga allurai irin su Ozempic masu kashe sha'awar abinci da ke ta yaɗuwa a can. Ga bashi sama da dala biliyan 35, wanda kaso mai yawa na dalilinsa shine suna cin bashi su saye hannun jarinsu daga kasuwa don darajar ragowar ta tashi. Wasu na ganin wayo ne, ni dai abin bai kwanta min ba.

Amma duk wannan gardamar ta mutanen New York ce, mu namu lissafin daban ne kuma shi ne na ga ba a cika yi ba. A ƙarshen 2024 hannun jari ɗaya yana wajen dala 300, rabon ribar shekara kuma dala 7 da 'yan kai. Gwamnatin Amurka za ta zaftare kashi 30 cikin ɗari kafin ya iso gare ka don babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya, ya rage kusan dala 5. In ka buga a kan naira 1,500 kowace dala kenan ka ajiye kimanin naira dubu 450 don ka riƙa karɓar dubu 7 da ɗari biyar a shekara, ba a ma cire abin da manhaja ke ci wajen canji ba. Don haka in wani ya ce maka ya samu alheri sosai da McDonald's tsakanin 2023 da 2024, tambaye shi da kyau, za ka tarar hannun jarin bai yi wani tashin a zo a gani ba, naira ce ta faɗi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 bayan an saki farashin canji a watan Yunin 2023. Da dalar ya ajiye kawai a asusu, da kusan abin da zai samu kenan. Ba laifi ba ne mutum ya kare guminsa daga faɗuwar naira, dukkanmu abin da muke nema kenan, amma ya san dala ya saya, don ranar da naira ta ɗan farfaɗo ribar da yake gani a waya za ta ragu ko da kamfanin bai yi komai ba.

Sannan akwai abin da ya fi lissafi nauyi a wurina. A Amurka da Turai shagunan nan suna sayar da naman alade ƙarara, yana cikin abincin safe da suke ji da shi, kuma mai hannun jari ai mai kamfani ne komai ƙanƙantar kasonsa, ba ɗan kallo ba ne. Cewa shagunansu na Saudiyya ko Malesiya halal ne bai canza komai ba tunda tukunya ɗaya kuɗin ke shiga. Na ji masu cewa ai sai a cire wani kaso na ribar a yi sadaka a tsarkake, wannan magana ce ta malamai masana harkar kuɗi kuma su ya kamata mutum ya je ya tambaya kafin ya saya, ba bayan ya saya ba. Ga kuma batun Gaza, bayan Oktoban 2023 da mai riƙe da shagunansu a Isra'ila ya sanar da bai wa sojoji abinci kyauta, aka ƙaurace musu a ƙasashen Musulmi da dama har shugaban kamfanin Chris Kempczinski ya amsa cewa abin ya taɓa cinikinsu, a Afrilun 2024 suka sanar za su saye shaguna 225 ɗin da ke can su dawo hannunsu. Ina da abokai da suka daina shan wasu lemuka saboda wannan batu amma wallahi ba su taɓa buɗe manhajarsu sun duba abin da suke riƙe da shi ba.

Na faɗa wa Alhaji, na ce ranka ya daɗe kamfanin nan ƙaƙƙarfa ne kuma ina ganin zai daɗe yana biyan masu jarinsa, amma ni kuɗina ba za su shiga ba. Abin da nake son ya zauna a naira na fi natsuwa da sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari irin ta Musulunci da babu kuɗin ruwa a ciki, wanda na 2023 ya zo da kashi 15.75 a shekara kuma kuɗin hanyoyi ake yi da su, duk da na san hauhawar farashi ta fi wannan kason gudu a lokacin. Abin da nake son ya zauna a dala kuma akwai kamfanonin magani da na fasaha da suka tsallake tantancewar Shari'a, a cikinsu nake dubawa.