Dajin Harz da ƙwaro ya cinye

Makon jiya na dawo daga Jamus, har yanzu dajin Harz bai fita daga raina ba. Daga garin Wernigerode muka hau tsohon jirgin ƙasa mai aiki da kwal zuwa ƙololuwar dutsen Brocken, mai tsayin mita 1,141. Tikitin zuwa da dawowa ya haura Yuro 50. Da na lissafa shi a naira sai da gabana ya faɗi.

Muna fara hawa sai koren daji ya ɓace. Ko'ina ka duba itatuwa ne a tsaye ƙyam, launin toka, ba ganye ba ɓawo. A sama wani ma'aikacin gandun daji ya ɓamɓaro ɓawon wani kututture ya nuna mana cikinsa, duk an zane shi da 'yan siraran hanyoyi. Mai wannan ɓarna ƙwaro ne da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Yana huda ɓawo ya yi ƙwai, tsutsotsin su cinye hanyar da abincin itace ke bi. Itace mai lafiya yakan malalo da ƙaro ya kashe ƙwaron, amma guguwar Janairun 2018 ta kayar da itatuwa masu yawa, ga fari ya biyo baya har 2020, ƙaron ya ƙafe. Kuma yawancin dajin itace iri ɗaya ne, tun zamanin haƙar ma'adinai ake shuka shi domin katako.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hukumar gandun ta hana a kwashe matattun itatuwan a tsakiyar dajin, wai su ruɓe su zama taki. Mu da muke sayen itacen girki ɗauri-ɗauri! Amma da idona na ga 'yan tsirrai iri-iri suna fitowa a gindinsu.

Dattijuwar da ta sauke mu a ƙauyen Schierke ba ta gamsu ba. Ta kawo mana kofi da kek, ta ƙi karɓar ko sisi, ta zauna tana ba mu labarin gobarar 2022 da ta kama ƙeƙasassun itatuwan. Ta ce baƙinta sukan tambaye ta ina dajin da suka sani tun suna yara.

Washegari muka leƙa garin Goslar, ana ruwa, abinci da tsada. Daga nan sai filin jirgi.