Wandon shiga ruwa: abin da aikin kifi ya koya mana a Zariya

Duk wanda ya daɗe yana jan koma a Galma, ko yana kwasar tarwada a gonakin kifi na wajen Shika, ya san wandon shiga ruwa, wato dogon wandon da ke hana ruwa taɓa jiki, ba abin saye daga kan kujera ba ne. Amma haka ake yi. Oga zai aika Sabon Gari a ɗauko dozin guda, duk girma ɗaya, don an yi masa ragi. Idan suka ɓarke cikin wata biyu sai a ce ma'aikata ne ba su da kula, a zare kuɗin daga albashi. Shi kuwa ko idon sawunsa bai taɓa jiƙewa ba.

Matsewa ce ke kashe wandon. Duk sunkuyon da ka yi, ɗinkin tsakanin cinyoyi da na gwiwa ne ke shan wuya, kuma ta nan ruwa ke fara shiga. Kafin ka biya, sa shi a kan kayan aikinka, ka tsuguna har ƙasa, sannan ka ɗora ƙafa ɗaya a kan benci. In ka ji ya ja, ajiye shi. In kuma ya yi maka burmeme har yadin yana gugar juna, gugar ma za ta cinye shi.

Na roba shi ne mai araha, sai dai a Maris da Afrilu awa ɗaya ta isa ka jiƙe sharkaf da guminka. Mai kauri kamar soso na ƙasashen sanyi ne, in ba safiyar hunturu ba, azaba ce kawai. Wanda ke barin gumi ya fita waje, irin mai yadin Gore-Tex, yadinsa hawa uku ne zuwa biyar. Nemi mai hawa huɗu daga gwiwa zuwa ƙasa, saboda ƙayar kurungu da kututturen da ba ka gani.

Sabonsa na da tsada, shi ya sa ake komawa gwanjo. To, juya cikinsa waje ka bi tef ɗin da aka manna kan ɗinki da yatsa. In ya fara ɗagawa, bar musu kayansu. Shiga ɗaki mai duhu ka kunna tocila a ciki, duk inda haske ya fito huda ce. Ƙanana kuwa, fesa sifirit ta ciki, za ka ga sun yi ɗigo baƙi. Shafa Aquaseal, wato gam na facin irin wannan yadi, a kan hudar ka bar shi ya kwana. Sholishon mai faci ba ya riƙe wannan yadi. Kada ka raina huda, domin ruwan da ke da dodon koɗi ta fata yake sa wa mutum tsargiya.

Ɗaura bel a ƙugu kullum, in ka zame shi ne zai hana wandon cika da ruwa. Ƙasan takalmin da ke tafiya da wandon ya zama roba mai haƙora saboda taɓo. Kada ka sa jins a ciki. Bayan aiki ɗauraye shi, ka shanya cikin tukuna, a inuwa, sannan ka rataye shi inda ɓera ba zai kai ba.