Abin da muka tarar a ƙarƙashin kafet ɗin Fijo

Shagona na ɗinkin kujerun mota ne a Kaduna, ni da yara uku. Yawancin cinikinmu na 'yan tasi da masu bas ne, amma jefi-jefi akan kawo mana tsohuwar mota wadda mai ita ke lallaɓawa kamar ƙwai. Irinta ce ta shigo ana tsakiyar bazara: Peugeot 504, haɗin Kakuri, inda aka fara harhaɗa Fijo a garin nan tun 1975. Mai ita, wani Alhaji, gadonta ya yi wajen mahaifinsa.

Kukansa biyu ne. Ya ce, "Malam, in na kama hanyar Zariya ƙafata kamar a kan tanda take, kuma ni da Hajiya sai mun ɗaga murya muke jin juna." Ya nuna min hoton wata shimfiɗa mai ƙyalli a waya, wai a manna ta ko'ina. Na ce, "Alhaji, a bari mu ɗaga kafet tukuna."

Da muka kwance kujeru muka ɗaga, sai wari ya buge mu. Tsohon bargon da kamfani ke shimfiɗawa ya sha ruwan damina har ya ruɓe, tsatsa ta huda wajen ƙafar direba, kana hango ƙasa. Robobin da wayoyi ke bi ta cikinsu a bangon da ya raba injin da ɗaki duk sun bushe sun zube. Ta waɗannan 'yan kafofin hucin injin da ƙugin titi ke shigowa kai tsaye. Kwana uku muka yi tsakanin mai walda da kankare tsatsa da fenti, ba mu manna ko taku ɗaya ba. Masu mota ba sa son biyan kuɗin wannan ɓangaren, don ba a ganinsa, alhali wanda ya rufe tsatsa da shimfiɗa ya ba ta ɗakin kwana ne.

Mai ƙyallin da Alhaji ya gani roba ce mai danƙo da ake kira butil, bayanta alminiyam. Aikinta hana ƙarfe rawa, ba tare zafi ba. Ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar mota za ka ji tana amsawa kamar garwa. In an manna an danne da kyau, sai ka ji dum, kamar ka bugi buhun masara. Ba ma sai an rufe ko'ina ba. Tsakiyar faffaɗan ƙarfe muke nema, inda ya fi rawa, sauran kuwa ƙarin nauyi ne da asarar kuɗi. Zafi kuma soso ne maganinsa, wanda ba ya shan ruwa, ba na katifa ba. Mun ninka shi a bangon injin da kan tudun giya, da gefen da salansa ke bi.

Na taɓa ƙona hannuna a wannan harka. Shekarun baya na sayi mai kwalta, irin wanda ake toshe yoyon kwano da shi, don ya fi araha kuma a ido kamar ɗaya suke. Rana na buɗewa ya narke, ya zamo daga rufi ya ɓata yadin, motar tana wari kamar ana aikin titi. Daga aljihuna na sake aikin. Tun ranar, ko mai mota ne ya kawo shi da kansa, ba na taɓawa.

Rufi shi ne mai wahala, don tsohon yadi da ka ja shi da gaggawa ya yage, kuma gam ɗin da bai jure rana ba zai sake. A ƙofofi kuwa kullum ina faɗa da yarana kan 'yan hudojin ƙasa da ruwa ke fita. Sabon yaro gani yake huda ce da ya kamata a toshe.

Ranar da Alhaji ya zo ɗaukar motarsa, muka zaga har Kawo muka dawo, gilas a rufe. Ya yi shiru can, sai ya ce, "Malam, wannan ƙwas-ƙwas ɗin na baya fa?" Na ce shoka ce, ta daɗe tana yi, ƙugi ne ya danne ta. Na kira masa makaniken da ke maƙwabtaka da mu.