Godiya bayan an sallamo Inna daga asibiti

Alhamdu lillahi, an sallamo Inna daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har ta fara salla a tsaye. Kun san irin faman da aka sha, ba sai na maimaita ba.

Abin da ba zai fita raina ba shi ne daren da jininta ya faɗi, ana ta ƙarin ruwa bai tashi ba, na fara cire rai. Sai wata matashiyar likita ta buɗe tafin hannunta, ta duba dasashinta, ta ga duhun da muka ɗora wa zafin ranar Sakkwato, ta ce, "Malam, Hajiya ta taɓa yin tarin fuka?" Na ce ta yi, an kuma warkar da shi tuntuni. Ta ɗebi jini, ta yi mata allurar haidirokotison, maganin da ke maye gurbin sinadarin kotisol a jiki, ba tare da jiran sakamako ba, kafin asuba Inna ta nemi ruwa da bakinta.

Daga baya aka auna sinadarin kotisol da ƙarfe 8 na safe, aka yi mata allurar Synacthen mai zaburar da jiki ya fitar da shi, aka sake ɗibar jini bayan minti 30, kotisol ɗin bai ƙaru ba. Cutar Adison ce: 'yan gaɓoɓin nan biyu da ke saman ƙoda, masu samar da kotisol, sun daina aiki. A Turai, inda ake ƙiyasta mutum 100 zuwa 140 cikin miliyan ɗaya na da ita, galibi garkuwar jiki ce ke cinye gaɓoɓin, amma a ƙasashenmu tarin fuka yana kan gaba, kuma ƙarancin masu ita ya sa ake ɗaukarta zazzaɓi ko taifot.

Na san ba sa son a ambace su, amma dole in gode wa Kawu da ya taso daga Gwadabawa ya kwana a barandar asibiti, da Gwaggo da ba ta taɓa fashin kawo kunu ba. 'Yan uwan da ke cikin gari amma ƙafarsu ba ta tako ba, mun yi musu uzuri. Allah Ya saka wa likitar nan da Aljanna, Ya jiƙan magabatan duk wanda ya taimaka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Masu zuwa dubiya, don Allah kada wanda ya ba Inna shawarar ajiye maganin don ta ji sauƙi, domin shansa za ta yi har ƙarshen rayuwarta, tsayar da shi kuwa yana iya kisa.