Gurbin da na ƙi bari

Shekarata 11 Baba ya kwaso mu daga Kano zuwa unguwar Bronx ta birnin Niyok, a 2000. Kafin nan ko a talabijin ban taɓa ganin besbol ba. Benen da muka sauka rabinsa mutanen Jamhuriyar Dominika ne, su kuwa yadda yaron Fagge yake da tamaula haka yaransu suke da wannan wasa. Su suka ara mini safar kama ƙwallo ta farko. A shekarar ce Yankees, ƙungiyar besbol ta unguwar, suka ɗauki kofi karo na uku a jere, filinsu kuma da ƙafa muke zuwa bakinsa. Kowane yaro a unguwar so yake ya zama Derek Jeter, mai lamba 2, mai tsaron gurbin da ake kira shotstop. Ni ma na sa wa raina, na kuma riƙe burin riƙon da daga baya ya cutar da ni. Dalilin rubuta muku wannan ke nan, ƙannena, musamman ku da kuke tasowa a Amurka da Kanada da safa a hannu.

Ga wanda bai san wasan ba: cikin filin murabba'i ne mai kusurwa huɗu, gida da tashoshi uku, ƙafa 90 tsakanin kowace da ta gaba. Mutum huɗu ke tsaronsa, ɗaya a tasha ta farko, ɗaya wajen ta biyu, ɗaya a ta uku, sai shotstop a tsakanin ta biyu da ta uku. In mai bugu ya daki ƙwallo ta biyo ƙasa, daƙiƙa huɗu da 'yan kai ta ishe shi ya isa tasha ta farko. Cikin wannan ɗan lokaci za ka taro ƙwallon, ka cire ta daga safa, ka daidaita ƙafa, ka jefa ta riga shi. Mai tsaron tasha ta biyu jifansa gajere ne. Shotstop kuwa, in ƙwallo ta ja shi can dama, sai ya yi jifan da ya haura ƙafa 120, sau da yawa jikinsa na tafiya wani gefen daban. Wurin na masu ƙarfin dantse ne.

Allah ya ba ni saurin ƙafa da hannu mai laushin kamu. Ƙarfin jifa ne bai ba ni sosai ba. Kocinmu na sakandare ya gane haka tun ina shekara 15. Ya kira ni gefe bayan atisaye ya ce, “Yarona, kamunka ya fi na kowa a nan, amma dantsenka na tasha ta biyu ne. Koma can, za ka yi nisa.” Ji na yi kamar ya watsa mini ƙasa a ido. A unguwarmu shotstop shi ne sarkin fili, wanda aka mayar tasha ta biyu kuwa ana ganin an rage masa tsawo ne. Na ce masa in ba a gurbina ba, gara na zauna a benci. Da yake ba shi da wanda ya fi ni a lokacin, sai ya ƙyale ni.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, a shekarar nan ta 2004, a filin da ke bayan gidanmu, Alex Rodriguez ya zo Yankees yana riƙe da kambun gwarzon ɗan wasan gasar American League na 2003, ya kuma ci kyautar safar zinare ta shotstop shekara biyu a jere. Ya tarar da Jeter a gurbin, ya koma tasha ta uku. Ina kallo da idona, ban ɗauki komai ba.

Na kai ƙara wurin Baba da dare, ya dawo daga tuƙin tasi yana cin tuwo. Na ce, “Baba, so suke su ƙasƙantar da ni.” Bai san dokar wasan ba ko ɗaya. Ya ce, “Wurin da malamin naka ya ce ka koma, cikin fili yake ko waje?” Na ce, “Ciki ne, Baba.” Ya ce, “To me ya ragu a jikinka?” Na yi shiru, a raina ina cewa tsoho bai fahimci abin ba. Ashe a gidan nan shi kaɗai ya fahimta.

Na samu gurbi a wata kwaleji ta shekara biyu, can ma na nace a kan shotstop. A nan masu gudu sun fi na sakandare sauri nesa ba kusa ba, jifana ya fara isa a makare. Maimakon in karɓi gaskiya, sai na shiga biyan bashin da ƙarfin tsiya. Ina gaggawar ɗauko ƙwallo tun ba ta zauna a safa ba, ina wurgi da kafaɗa zalla ba tare da na kafa ƙafa ba. Ga kuma son burgewa: Jeter yana da wani jifa da yake yi yana tsalle a iska, na ɓata sa'o'i ina kwaikwayonsa, alhali ƙwallo mai sauƙi da ta zo gabana tana kuɓuce mini. Ban tsaya na bincika yadda shi Jeter ɗin ya zama abin da ya zama ba. A 1993, yana ƙaramin rukuni a Greensboro, kuskure 56 ya tafka a kaka guda. Da kakar ta ƙare sai ya zauna da koci Brian Butterfield, kullum maimaita kafa ƙafa da kamu da jifa na yau da gobe, har kuskuren ya ragu sosai a shekarar da ta biyo. Masu farautar 'yan wasa ba tsalle suke zuwa gani ba. Agogo ne a hannunsu da littafi, suna duba ko ƙwallo goma masu sauƙi za ka mayar da su goma.

Kafaɗar ta fara yi mini magana a kaka ta biyu. Da farko tsami ne bayan wasa, daga baya ya zama suka kamar allura duk lokacin da na ɗaga hannu zan yi jifa. Ban gaya wa kowa ba. Tsorona kada a ce in huta wani ya gaje gurbin, ko a ce ga dalili ya samu, koma tasha ta biyu. Na riƙa shan maganin kashe zafi kafin wasa, ina sa ƙanƙara a ɓoye a ɗaki. Ƙungiyoyin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, suka yi zaɓen sababbin 'yan wasa na 2009, lokacin zagaye 50 ake yi, aka kira sunaye wajen 1,500, babu nawa. Ku lura, yanzu zagayen 20 ne kacal, ƙofar ta ƙara tsukewa. Na shiga wata ƙungiya ta gasa mai zaman kanta, albashi bai taka kara ya karya ba, kwana a motar safa daga gari zuwa gari. Ban kai ƙarshen kakar ba guringuntsin da ya kewaye ramin kafaɗata ya yage. Aka yi aiki, na yi kusan shekara ina gashi da motsa jiki, jifan bai dawo ba. Karatun ma a rabi na bar shi, sai ina shekara 26 na koma na ƙarasa da dare.

Da na fita daga wasan ne na fara ganin lissafinsa. Kowace ƙungiya a MLB mutum 26 take riƙewa, kusan rabinsu masu jefa wa mai bugu ƙwallo ne. In ka cire masu fara wasa, kujerun benci ba su wuce huɗu ba, ga wasa 162 a kaka. Manaja dole ya nemi wanda zai toshe masa gurbi uku ko huɗu shi kaɗai. Ben Zobrist a matsayin shotstop aka ɗauke shi, ya yarda ya zaga ko'ina, cikin murabba'in da bayansa, shi ne kuma ya zama gwarzon wasannin ƙarshe na 2016 lokacin da Chicago Cubs suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1908. Jackie Robinson kansa shotstop ne a Kansas City Monarchs a 1945, ya koma tasha ta biyu a Montreal a 1946, ranar 15 ga Afrilu 1947 da ya karya shingen wariyar launin fata kuwa a tasha ta farko Brooklyn Dodgers suka tsayar da shi.

Amma wanda ya sa ni hawaye Gift Ngoepe ne, ɗan Afirka ta Kudu, kusan sa'ana. A wani ɗan ɗaki da ke jikin ginin kulob ɗin Randburg Mets ya tashi, inda mahaifiyarsa take aiki. Pittsburgh Pirates suka ɗauke shi a 2008, ya shafe shekara takwas da ɗoriya a ƙananan rukunoni, mahaifiyar ta rasu yana cikin wannan jira. Shotstop ne na gaske, kowa ya shaida kamunsa, bugu ne ke ba shi wahala. Ranar 26 ga Afrilu 2017 aka sa shi a wasa da Cubs, ya zama na farko da aka haifa ya kuma tashi a doron nahiyar Afirka da ya taka filin MLB, bugunsa na farko kuma ya kai shi tasha, a hannun Jon Lester, mai jefa ƙwallo na Cubs. Ina zaune a falo ina kallo. Da ya shigo fili, tasha ta biyu ya nufa da gudu, gurbin da na ce gara benci da shi. Wasa 41 ya buga gaba ɗaya tsakanin Pittsburgh da Toronto. Wani zai ce kaɗan ne. Ni da na san tsawon hanyar ba zan faɗi haka ba.

Ƙanena, in koci ya ce ka canja gurbi, kada ka tsaya gardama, ce masa ya ɗauko agogo ya auna jifanka a gabanka, ka ga lambar da idonka. Tun kana ƙarami ka koyi karɓar ƙwallo a tasha ta biyu ka wurga ta ta farko, daga gefen shotstop da gefen mai tsaron ta biyu, don sawun ƙafar ba iri ɗaya ba ne. Tsamin jiki bayan wasa ba komai ba ne, amma sukar da ke zuwa daidai lokacin jifa, ranar da ka ji ta ranar za ka faɗa wa koci da iyayenka.

Yanzu ranar Asabar nake koya wa yara a wani filin unguwa, da yawansu 'ya'yan Hausawan Gana da Nijar ne da muke masallaci ɗaya da iyayensu. Kowane zagaye sai na juya su, wanda ke shotstop ya koma ta uku, na ta uku ya koma ta biyu. Kwanan baya wani ɗan shekara 12 ya jefar da safarsa ya ce, “Kawu, ni shotstop ne.” Na zaunar da shi a benci kusa da ni, na zame wuyan rigata na nuna masa tabon aikin da ke kafaɗata, na ba shi labarin tun daga maganar kocina. Ya daɗe yana kallon tabon. Sai da zagaye biyu suka wuce sannan ya sunkuya ya ɗauki safar, ya tambaye ni ta wace ƙafa ake taka tasha ta biyu in ƙwallo ta taho daga ta uku.